Hannuwan Matar Kusurwa

Har yau idan na shiga gidan mutane na tarar an kumbura hoton talabijin, an shafte wa mutanen ciki hula a sama an datse su a ƙasa, sai in ji raina ya ɓaci tun kafin a kawo min ruwa. Masu gida ba su san abin da suka yi min ba, kuma gaskiya ba su yi komai ba. Yayana ne ya yi, a falonmu na Anguwan Rogo, shekarun da manyan talabijin masu faɗi suka fara shigowa Jos.

Mu uku ne a wurin Inna. Adda ce babba, sai Yaya, sai ni auta. Adda ba ta ji. Sanƙarau ne ya kama ta tana yarinya, ya bar ta da rai amma ya tafi da jinta. Baba, Allah ya jiƙansa, bai yarda a ajiye ta a ɗaka ba, ya kai ta makarantar kurame, ta koyo karatu da rubutu da maganar hannu. A gida ni kaɗai na iya maganar hannun sosai, domin a jikinta na tashi. Inna tana da 'yan alamunta na uwa da ɗiya, irin su ci, zo, salla, bari. Shi kuwa Yaya, wanda Adda ta goya a bayanta har ya yi ƙafa, abin da ya iya shi ne ɗaga murya, sai ka ce ƙara ce ta yi mata kaɗan.

A lokacin da nake ba da labari Adda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Tana da keken saƙa, tana yi wa 'yan makaranta suwaita, kuma a garin da sanyi ba ya wasa ba ta rasa ciniki. Ni ina koyarwa a firamare. Yaya ya zama maigida, yana da motocin haya a hanyar Bauchi.

Kowane labari a makare yake isa wurin Adda. Idan aka yi dariya a tsakar gida sai ta taɓo ni, in gama tawa dariyar, in juya mata abin da aka ce, sannan ta yi tata ita kaɗai bayan kowa ya koma kan aikinsa. Haihuwa, rasuwa, faɗan maƙwabta, duk sai sun huce suke kai mata. Wuri ɗaya ne kawai ba haka ba, shi ne labaran yamma na tashar jiha. A can ƙasa, kusurwar dama, akwai ɗan akwati da wata mata take tsayawa a ciki tana juya labaran da hannu. Da an idar da Magariba Adda za ta ture keken saƙa, ta zo ta shimfiɗa tabarmarta kusa da Inna a gaban tsohon talabijin ɗin Baba mai ƙatuwar ƙeya. A wannan rabin awar Adda ba ta taɓo kowa. Mai karanta labarai zai ce man fetur ya tashi, Inna ta yi salati, Adda ta dafe kai, duk a lokaci guda. Wani sa'in ma ita ce za ta juyo ta yi mana sharhi, ta kwaikwayi yadda wani babba yake gyara babbar riga kafin ya shara ƙarya. A duk yini nan ne kaɗai take sanin abu tare da mu, ba bayanmu ba.

Sai Yaya ya sayo sabon talabijin. Siriri ne, faffaɗa, sai da aka huda bango aka rataye shi. Aka kafa farantin tauraron ɗan'adam a kan rufi, aka jera lasifikoki a kusurwoyin falo, aka naɗe rimot a leda aka liƙe don kada ya tsufa. Tsohon na Baba kuwa, ko shawara ba a yi da kowa ba, Yaya ya ɗora shi a mota ya kai wa wani abokinsa mahauci a Abbatuwa. Ba zan yi wa abin ƙarya ba, hoton ya yi kyau. In aka kamo tashoshin waje har gumin goshin ɗan ƙwallo kana gani. Yaya ya koyo wata kalma, wai ec-di, wato hoto garau, yana faɗa wa duk wanda ya shigo gidan, har da mai kawo mana ruwa a kura.

Ranar farko da muka zauna kallon labarai hoton ya cika gilashi daga wannan gefe zuwa wancan. Mai karanta labarai ya ƙara girma, sai dai saman hularsa ya tafi. Na duba kusurwa. Ga matar nan, ga ɗankwalinta, ga gira tana hawa tana sauka, kafaɗu suna motsi. Daga kafaɗa zuwa ƙasa babu komai. Hannuwan sun nutse a ƙarƙashin bakin gilashi, jefi-jefi wani yatsa ya leƙo ya koma. Adda ta matsa kusa, ta sunkuya ta leƙa ƙasan talabijin ɗin, sannan ta juyo ta tambaye ni da hannu: "Ina hannunta?"

Da farko tashar na zarga. Na yi ta zagin ma'aikatanta a zuci, ina cewa sun ɗauki wanda bai san aikinsa ba, har na ƙudura zan je in same su ranar da ba ni da darasi. Sai wata yamma na shiga maƙwabta aron taɓarya daidai lokacin labarai, na tarar da matar kusurwa a tsohon akwatinsu, cikakkiya har ƙugu, hannuwa suna ta aiki. Na tsaya rungume da taɓarya ina kallo kamar sokuwa. Ashe ɓarnar a gidanmu take.

Washegari da Yaya ya fita na ɗauko rimot, ina lalubar maɓallan ta cikin leda. Na mai da mutane koraye, na gyara. Na ɓatar da tashoshi gaba ɗaya, na yi ta addu'a har suka dawo. A ƙarshe na gano wurin, kuma abin ba shi da wuya ko kaɗan. Hoton tashar jiha na tsohon yayi ne, tsawonsa da faɗinsa sun kusa zuwa ɗaya, shi kuwa gilashin Yaya faffaɗa ne. Ko dai a bar hoton yadda ya zo, baƙi ya saura hagu da dama, ko a ja shi gefe da gefe har ya cika, ko kuma a kumbura shi duka, sama da ƙasa su zube waje. Mutumin da ya haɗa mana kayan a kan kumburin ya bar shi. Na mai da shi yadda ya zo. Da yamma hannuwa suka dawo, Adda ta tafa, ta daki kafaɗata har sai da na ji zafi.

Ba a kai tsakiyar labaran ba Yaya ya yi sallama tare da wani abokinsa, irin abokan nan da ba sa ganin abin wani su yi shiru. Abokin ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi baƙin hagu, ya dubi baƙin dama, ya ce, "Oga, ashe ƙaramin talabijin suka sa maka a cikin babban firam? Ko dai gwanjo ne?" Ya bushe da dariya shi kaɗai. Nan take fuskar Yaya ta canza.

"Wa ya taɓa min rimot?"

Na ce ni ce, na fara yi masa bayanin tsawo da faɗi.

"Ke malama, a aji ake wannan. Ni gilashi na saya gaba ɗaya, ban sayi rabi ba."

"Yaya, rabin awa ce fa. Ana gama labarai sai in mayar maka."

"Rabin awar da baƙi suke shigowa ke nan."

Ya miƙo min rimot ya ce in mayar, na ƙi. Abokin ne ya karɓa ya yi ta danne-danne har hoton ya kumbura, hannuwan suka sake nutsewa. Adda tana zaune tana bin bakunanmu da ido. An gama yanke hukunci a kanta a gabanta, kuma kamar kullum sai daga baya ta ji yadda aka yi.

Inna ba ta son tashin hankali, ta ce a nemi tsaka-tsaki. Na gwada jan hoton gefe da gefe. Gilashi ya cika, babu baƙi, hannuwa suna nan, sai dai kowa ya zama gajere mai faɗi. Adda ta ce za ta iya da haka, duk da yatsun matar sun koma kamar rogo. Inna da ta ga wani malami da ta sani yana wa'azi sai ta tambaya ko ciwon kumburi ne ya kama bawan Allah. Hakan bai kwana da yawa ba. Yaya ya ga gwamna yana jawabi, ya ce, "Haba, mutum guda kin mai da shi randa!" Ya sa aka koma kan kumburi. Wato a yanke wa gwamna hula ba komai, a yanke wa mai fassara hannu ba komai, amma kada kumatun gwamna su yi faɗi a falon Yaya.

Daga nan muka shiga wasan ɓuya. In ya yi latti a waje, sai in gyara hoto Adda ta samu labaranta, in na ji ƙugin motarsa a lungu sai in yi sauri in mayar. Wata rana ya shigo da ƙafa ya kama mu. Da safe ya kira mai haɗa kayan, aka kulle wurin gyaran hoto da lambar sirri, rimot kuma ya koma aljihun rigarsa, tare suke fita tare suke dawowa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne Yaya ba mugu ba ne. In ya je Kano ba ya dawowa sai da zaren saƙa mai kyau na Adda. In ta yi zazzaɓi shi ne farkon mai tayar da mota. Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi. Shi dai kawai bai ga an rasa komai ba. Duk lokacin da na tayar da maganar amsarsa ɗaya ce: "Ai ke kina nan, sai ki faɗa mata." Kamar ka ce wa mai jin ƙishirwa ya kwantar da hankalinsa, wani zai sha ya ba shi labari. Na yi masa bayani da lalama, na yi da faɗa, na yi ta bakin Inna, ko a jikinsa.

Da na gaji na hau acaɓa zuwa Tina Junction, inda mai haɗa kayan yake da ɗan shago tsakanin mai sayar da taya da mai gasa masara. Mutumin kirki ne, ɗan asalin nan kan dutse, ya ba ni benci ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Madam, ni na san wannan magana. Talabijin ba shi da laifi, tashan jiha ma ba shi da laifi. Oga ne ya ce shi ba ya so ya ga baƙi ko kaɗan."

Na ce, "To ba ni lambar."

"Haba madam! In na ba ki, gobe oga ya zo nan ya yi min ihu a gaban kwastoma. Shi ne ya kawo min direbobi duka. Ki je ki roƙe shi mana, ai yayanki ne."

In roƙe shi! Duk hanyar komawa gida maganar nan tana cina, har ɗan acaɓan ya waiwayo ya tambaya ko da shi nake. A falon ubanta, a kan tabarmar da ta saya da guminta, babbar 'yar gida sai an roƙar mata ƙaninta kafin ta san abin da ke faruwa a garinsu.

Adda ba ta daina zuwa falo ba, kuma wannan ya fi komai ciwo. Kullum za ta zauna ta ƙura wa fuskar matar ido, tana ƙoƙarin tsintar labari daga gira da laɓɓa. In matar ta ɓata fuska Adda ta san wani abu ya lalace, amma ba ta san ko gada ba ce ko mutum. Ranar da na ji yatsanta a gwiwata a tsakiyar labarai sai da ƙwalla ta cika min ido. Na juya ina fassara mata, amma ni ba matar kusurwa ba ce. Sai na saurara sannan in juya, in ina juyawa wani labarin ya wuce ni. Manyan kalmomi irin na majalisa da kasafi ban san alamunsu ba, sai in ta kame-kame. Ita kuma in tana kallona ba ta kallon hoto, in ta kalli hoto ta rasa ni. Kafin in kai ƙarshen magana Inna ta riga ta yi salatinta ta gama.

Haka muka yi ta tafiya har wata yamma da aka ce kwamishina zai yi bayani a labarai kan inda motocin haya za su riƙa lodi a cikin gari. Maganar ta shafi abincin Yaya kai tsaye, don haka ya gayyato abokan sana'arsa, falo ya cika da manyan riguna da ƙamshin turare. Mu mata muka takure a gefe. Kwamishina ya bayyana, an yanke masa hula kamar kowa, ya gyara murya ya fara. Maza suka miƙa wuya.

Sai Adda ta tashi. Ba ta yi sauri ba. Ta ratsa ta gabansu ta durƙusa a wurin akwatin da wayoyi suke haɗuwa, ta zare waya ɗaya, ta ɗora tafin hannunta a kan lasifika. Ta ji tana rawa, ta mayar da wayar, ta zare wata, ta sake ɗora hannu. A haka har ta dace, lasifikar ta daina rawa a ƙarƙashin tafinta. Ta naɗe wayar a yatsunta yadda take naɗe zare, ta koma tabarmarta ta zauna, ta ɗaga kai tana kallon gilashi.

Falon ya yi tsit. Ga kwamishina garau, ec-di, bakinsa yana buɗewa yana rufewa, yana nuna wata taswira da biro. Wani daga cikin baƙin ya fara dariya, da ya ga shi kaɗai ne sai ya mai da ita tari. Yaya ya zaro rimot daga aljihu yana ta danna ƙarin murya, lamba tana hawa a gilashi, ko ƙis babu. Ba zai iya yi wa yayarsa tsawa a gaban mutane ba, saboda haka ni ya juyo wa.

"Ke kika sa ta!"

"Wallahi ban sa ta ba. Amma da ta yi shawara da ni da tuni na ce ta yi."

"Ki ce mata ta ba ni wayar nan yanzu. Magana mai muhimmanci ake yi!"

Na ce, "Ai kana ganin fuskarsa, Yaya. In an gama sai ka nemi wanda zai faɗa maka."

Inna ta ja gefen zanina, ta juya wurin Adda tana yi mata alamar bari, tana haɗa hannuwa alamar ta yi haƙuri saboda baƙi. Haƙuri kuma! Makonni ana kallon matar nan ba hannu, ba wanda ya ce wa Yaya ya yi haƙuri. Shi da aka hana shi ji na ɗan lokaci kaɗan, gida ya rikice, uwa tana roƙo, baƙi suna gyara zama. Adda ta dubi Inna da ladabi, ta girgiza kai. Ba ta saki wayar ba sai da kwamishina ya gama, mai karanta labarai ya tattara takardunsa. Sannan ta warware ta daga yatsunta, ta ajiye a kan tebur a gaban ƙaninta, ta naɗe tabarma ta fita.

Na ɗauka an kai ƙarshe. Na ce duk taurin kan mutum, tunda ya ɗanɗana da kunnensa, gobe zai bar baƙin gefe na rabin awa. Yaya ya yi kwanaki ba ya yi min magana, yana shiga yana fita da tunani a fuska, ni kuwa ina ta murna a ɓoye, ina cewa abin ya shige shi.

Ya shige shi, amma ta hanyarsa. Wata yamma ya shigo rungume da wani ɗan tsohon talabijin mai ƙeya da eriya a kai, bai tsaya a falo ba, ya zarce da shi ɗakinmu. Tun daga zaure mata maƙwabta suka biyo shi da sa albarka. Wannan ta ce Allah ya ba kowa ɗan'uwa irinsa, waccan ta ce ai yanzu ta huta, nata na kanta, ba mai damunta. Inna ma fuskarta ta washe, don a ganinta rigima ta ƙare. Ni kaɗai nake tsaye ina jin kamar in fashe. An kore ta daga falo, kuma ana taya ta murna.

Yaya da kansa ya ɗora shi a kan akwatin kayan Adda, ya jona, ya yi ta juya eriya har hoto ya tsaya. Labarai sun fara. Ga matar kusurwa har ƙugu, hannuwa cikakku. Adda ta dubi hoton, ta dubi bangon ɗakin, ta dubi ƙaninta da ke karkaɗe hannu yana murmushin wanda ya sauke nauyi. Ta taɓa hannun rigarsa don ya juyo, ta fara yi masa magana a hankali, alama bayan alama, yadda ake yi wa mai koyo.

Fuskarta ya kalla, bai ko sauke ido kan yatsunta ba. Ya ɗaga murya ya ce, "Ba komai, Adda! Ba sai kin gode ba!" Bai juyo ya tambaye ni me ta ce ba. Na ce, "Yaya, tsaya, ba godiya take yi ba," amma ya riga ya ɗaga labule, daga falo kuma lasifikoki sun ɗauka.

Cewa take: "A falo in Inna ta razana ina ji a kafaɗata. In ka buga ƙafa don haushi ina ji a ƙasa. A nan wa zan ji?"

Labulen ya gama kaɗawa ita ba ta gama maganar ba. Sai da ta kai ƙarshe, ta yi wa ƙofa tambayar, sannan ta sauke hannuwanta a cinya.